Furofesa Habibullahi da Gafiyoyin da Suka Ƙi Baƙin Ciki

A unguwar Jega Firchin in ka ce kana neman Habibullahi sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma in ka ce Furofesa, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidan. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba rago ba goro. Ya taɓa yin gyaran rediyo. Mai unguwa ya kai masa tasa tana kama tasha biyar, ta dawo tana kama ɗaya, ita ma da Zabarmanci take magana. Da aka yi masa ƙorafi sai ya ce ai ya ƙara mata ilimi ne.

A bazarar bara wani abokinsa mai a-kori-kura ya kwanta zazzaɓi, ya roƙe shi ya riƙe masa aikin kai garin katako wani ɗakin bincike da ke Aliero, inda ake kiwon fararen ɓeraye ana yi musu shimfiɗa da garin. Kwana tara ya yi yana kaiwa. Kullum in ya sauke buhuna sai ya manne a taga yana sauraren wata malama, Dakta Lailatu, tana yi wa ɗalibanta bayani. Ta ce ciwon damuwa ciwo ne da ke da tushe a ƙwaƙwalwa, kuma tunda ba a buɗe kan mutum mai rai a leƙa, sai a nemi alamunsa a jikin ɓera. Abu uku Habibullahi ya cafke. Na farko, ana takura wa ɓera a hankali, a karkata kejinsa, a jiƙa masa shimfiɗa, a rikita masa lokacin barci, har ya shiga wani hali mai kama da damuwa. Na biyu, ɓeran da ya shiga halin yakan rage marmarin ruwan sukari. Na uku, in an sa shi a ruwa yakan daina iyo da wuri ya yi lamo. Daga nan sai a gwada magani a ga ko zai farfaɗo. Ta yi dogon bayani kan izini, da tausayin dabba, da cewa ɓera dai ba mutum ba ne, amma lokacin Habibullahi ya riga ya bar taga, yana bakin mota yana gwada yadda zai riƙa cire tabarau in 'yan jarida sun yi masa tambaya.

A gida kuwa akwai abin da ba na dariya ba. Yayansa Idris, manomin albasa ne da ake kwatance da shi, wani ruwan bazata ya shiga rudunsa, wato rumbun karan da ake ajiye albasa, noman shekara guda ya ruɓe cikin mako ɗaya. Tun daga nan Idris ya yi shiru. Wata uku ba ya zuwa majalisa, ba ya zuwa gona, tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Gwaggonsu Ummukulsum, wadda ta raine su tun rasuwar mahaifiyarsu, ta ɗauko shi ta dawo da shi gidan gado, ta ce ranar Litinin za ta kai shi asibiti a Birnin Kebbi.

"Asibiti?" in ji Habibullahi, ya dafe ƙirji. "Gwaggo, ki ɗauki Yaya ki kai Birnin Kebbi, ga ni zaune gida? Waɗanda za ki iske can, ai mu ka yi masu binciken maganin."

"Kai da wa?"

"Ni da Dakta Lailatu. Kwana tara muna aiki ɗaki guda."

Matarsa Safara'u tana tankaɗe a bakin madafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ɗaki guda na, Gwaggo. Ita tana ciki, shi shina bakin taga."

"Ke mi kis sani ga kimiyya? Gwaggo, ba ni mako biyu. Ran Jumma'a ta sama, bayan la'asar, ƙohwar gidan Mai unguwa, gaban kowa zan warkar da kusu, in juya in warkar da Yaya."

Gwaggo ta dubi Idris, yana zaune a kan tabarma ya zuba wa bango ido. Ta gaji, ga tsoron kada a ce ta kai ɗan ɗan'uwanta gidan mahaukata. Ta ce, "Mako biyu. Ko yini guda ba ni ƙara maka."

Washegari ya hau babur ya nufi Giwa Tazo wajen wani tsohon maharbi, Ɗanasabe, ya ce yana son ɓeraye goma sha biyu, farare, masu natsuwa. Bayan kwana biyu Ɗanasabe ya iso da buhu yana motsi. Ya zazzage a cikin akurkin kajin Safara'u, wanda Habibullahi ya kore kajin ya naɗe da waya ya sa masa suna keji. Gafiyoyi huɗu suka faɗo, kowace ta kai ɗan kyanwa, da ɓerayen rumbu takwas, da jaba guda.

"Baba Ɗanasabe, wagga jaba hwa?"

"Gyara ta."

"Kuma hwarare nic ce maka."

"Furofesa, shekarata hamsin ina daji ban ga hwarin kusu ba. Wanda duk kag gani hwari, gari yas shiga."

Habibullahi ya ɗaga yatsa sama kamar wanda aka yi wa wahayi. Ya shiga madafa ya ɗebo kwano biyu na garin tuwo ya barbaɗe su kaf. Suka yi fari tas. Kafin ya gama wanke hannu sun lashe juna, sun dawo kalarsu, sun taru a bakin waya suna jiran ƙari. Ita kuwa jaba ta bi ta wani ɗan rami ta fice, ba a san inda ta nufa ba sai da magariba, da Habibullahi ya sa hularsa ya shiga masallaci, sahu ya tsage gida biyu aka bar shi a tsakiya shi kaɗai. A cikin hular ta yini.

Bincike ba ya yiwuwa ba farar riga, don haka ya je mahauta ya aro ta Tamu mahauci. An wanke ta sau uku, amma ƙudaje da karnukan unguwa ba su yarda an wanke ba. Duk inda ya bi suna biye, shi kuwa yana ce wa mutane ko dabba ta san mai ilimi.

Aka fara takura. Ya sa bulo ya karkata keji. Gafiyoyi suka hau sama suka sulalo ƙasa, suka sake hawa suka sake sulalowa, har suna layi. Ya jiƙa musu shimfiɗa sharkaf. To, wanda ya san zafin Jega a watan bazara ya san wannan ba takura ba ce, gata ne. Suka miƙe ƙafafu a kan jiƙaƙƙen gari suka yi rigingine, babbar cikinsu har da minshari. Safara'u ta leƙa ta ce, "Wanga ai Alhaji na," sunan kuwa ya bi ta. Ya kawo rediyon Mai unguwa ya ƙure murya don ya hana su barcin rana. Suka ƙara gyara kwanciya.

"Maigida," in ji Safara'u, "ni da nika dahwa maka tuwo ban taɓa samun ɗaki mai sanyi da rediyo ba. In akwai sauran wuri cikin keji, ka sa ni."

"Ki yi ta ba'a. Randa anka kira ni Abuja, gida za ni barin ki."

A kwana na biyar ya ga hanyar Turawa ba ta ci, ya ce gafiyar Kabi sai maganar Kabi. Ya ɗauko kujera 'yar tsugunno ya zauna a gaban keji da hantsi, ya fara ba su labarai masu ɓata rai. Ya faɗa musu tsadar taki. Ba wadda ta motsa. Ya faɗa musu gero ya ƙare a duniya. Alhaji ta yi hamma. Sai ya ga abin na son shauƙi, ya ɗaga murya yana jan ta kamar mai makoki.

"Wayyo ku marayu! Uwa ta tahi, uba ya tahi! Jiya war haka shina cikinku, yau an rufe shi cikin rami, ba shi dawowa! Wa za ya riƙe ku? Wayyo Alhaji!"

Maƙwabcinsa Malam Muhsin, mai makarantar allo, yana bayan katanga yana gyara alƙalami. Ya ji ana kuka ana kiran Alhaji. Ya yi salati, ya sallami karatu, ya yafa rawani, ya aika a sanar a masallaci. Kafin rabin sa'a dattawa goma sha uku sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, mata sun fara shigowa da mayafai suna share hawaye, wata har ta fara dakan gumba. Malam Muhsin ya yi sallama ya shiga, ya tarar da Habibullahi cikin rigar mahauta, hawaye shaɓe-shaɓe, don kukan ya kama shi da gaske.

"Habibullahi, sai haƙuri. Wane Alhajin na Allah ya yi ma cikawa?"

"Ba kowa, Malam. Ga shi nan kwance, lahiya lau."

Malam ya duba. Alhaji ta buɗe ido ɗaya ta dube shi, ta mayar ta rufe.

"Gahiya kaka yi ma kuka?"

"Ba kuka nika yi mata ba, Allah gahwarta Malam. So nike ita ta yi."

"To, ta yi?"

"Tana dannewa."

Malam Muhsin ya daɗe yana kallonsa. Ya fita ya ce wa dattawa ba a yi rasuwa ba, amma tunda an riga an taru, a yi wa maigidan addu'a, don yana bukata. Aka shafa fatiha, aka cinye gumbar, aka watse.

A mako na biyu aka shiga gwajin sukari. Safara'u tana sana'ar zoɓo da kunun aya, sukarinta na cikin wani bokiti mai murfi. Habibullahi ya ajiye ƙoƙo biyu a keji, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan sukari, ya zauna da littafi da biro. Suka shanye na sukari, suka yi wanka da ɗayan, sannan suka cinye ƙoƙon. Ya ce kuskuren awo ne, ya sake. Ya sake. Ranar Talata Safara'u ta buɗe bokiti ta ga gindinsa.

"Habibullahi!" Ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba sai ranar. "Ina sukarina?"

"Ya shiga kimiyya."

"To kimiyya ta hito ta sai da zoɓo! Mi kag gano?"

Ya buɗe littafi ya gyara murya. "Na gano damuwassu ta yi zurhi ƙwarai. Ta kai matakin da mai ita ka ɓoye ta shina shan zaƙi don kada a gane."

"Bari in hwaɗa maka abin da ni nig gano, ba ni da littahi. Kai kac ce mai damuwa ba ya barci, kai na ba ka barci. Kac ce ba ya cin abinci, tuwonka na jiya ga shi can kaji sun ƙi. Kac ce ba ya son zaƙi, kwana shida kana shan shayi lami. Kac ce shina rama. Dubi wandonka, da igiyar guga kaɗ ɗaure shi. Su kau dubi wuyansu. Cikin gidan ga an samu wanda bincike ya kama, amma ba cikin keji shike ba."

A daidai lokacin Hauwa'u maƙwabciyarsu ta shigo riƙe da zanenta na biki, an yi masa tagogi bakwai. Ashe ƙananan ɓerayen nan, da ya ware a kwali ya ce su ne rukunin da ba a taɓawa don a gwada da sauran, sun huda kwali sun shiga unguwa. Bayan Hauwa'u sai ga mai shayi da burodi uku duk an rarake cikinsu. Bayansa sai saƙon Mai unguwa, wai takalminsa na zuwa Juma'a saura ƙafa ɗaya da rabi. Habibullahi ya tsaya a tsakar gida ya ce musu duk ƙasar da ta ci gaba sai da ɓera ya ci mata wani abu, kuma za a sa sunayensu a littafin da zai rubuta. Hauwa'u ta ce ya sa nata a shafin da za ta shaƙe shi.

Duk wannan abu Idris yana zaune a inuwar zaure, ana wucewa ta gabansa da ƙoƙuna da bulo da rediyo. Ba wanda ya tsaya ya ce masa yaya jiki, har shi mai neman maganin.

Maganin kuwa an haɗa shi ranar Laraba. Ruwan albasa kwalba guda, da kanwa, da citta, da barkono, da tsamiya. Hujjarsa ita ce albasa ta kawo ciwon, albasa ke sa hawaye, to in aka tattaro hawayen wata uku aka zubar da su a zama ɗaya, baƙin ciki ya ƙare. Ya sa masa suna Habibulin. Da ya buɗe kwalbar don ya sansana, ƙudajen da ke bin rigarsa suka koma mahauta.

Saura majinyaci. Ya zagaya keji ya zagaya, sai ya lura Alhaji kwana biyu ba ta sulu, ba ta kokawa, tana kwance a lungu tana nishi. Ya yi tsalle ya fita titi ba takalmi.

"An samu! Alhaji ya kamu! Damuwa ta kama Alhaji!"

Malam Muhsin ya leƙo ta katanga ya ce shi dai wannan karon ba zai sallami karatu ba.

Ranar Alhamis da safe Safara'u ta je zuba musu dusa, ta dawo tana riƙe ciki don dariya, ta kasa magana sai da ta zauna a kan turmi.

"Maigida, barka. Alhaji ya haihu. Huɗu."

Ya je ya gani da idonsa. Ya cire hula ya mayar. Gobe Juma'a, an riga an yi shela har Aliero da Maiyama, ga majinyaci yana jego. Cikin ukun da suka rage ya zaɓi wani baƙin namiji mai yankakken kunne, wanda ba ya shiga cikin sauran, kullum yana gefe yana zare ido. Ya ce kaɗaici alama ce. Ɗanasabe, da ya zo kallo tun ranar, ya ce, "Furofesa, wanga ba kaɗaici na ba. Tsoro nai suka ji. Shi yac cije man kare."

Juma'a bayan la'asar ƙofar gidan Mai unguwa ta cika, har da masu hawa katanga. An kawo duro an cika da ruwa, an ajiye turmi a gefensa don Furofesa ya hau kowa ya gan shi. Keji na ƙasa an rufe da zane. An zaunar da Idris a kujera a gaba. Habibullahi ya hau turmi da rigar Tamu da tabarau mara gilashi ɗaya, ya miƙa wa Mai unguwa waya ya nuna masa inda zai danna agogo.

"Jama'a, ƙa'ida ta duniya ita ta wagga. Duk wanda anka sa cikin ruwa yad daina motsi kahin minti biyu, damuwa ta kama shi. Sai a ɗura mai Habibulin, ku ga aiki. Hakanan muka yi ni da abokiyar aikina Dakta Lailatu, wadda ba ta yanke shawara sai ta..."

Wata ƙaramar mota ta tsaya. Gwaggo ta fito, bayanta wata mata mai tabarau da jakar hannu. Ashe tun da safe Gwaggo ta hau mota ta je Aliero ta yi ta tambaya har aka kai ta, ta ce tana son ta ji daga bakin abokiyar aikin ɗanta. Matar ta ratso taro ta ɗaga kai ta dubi wanda ke kan turmi.

"A'a! Mai garin katako! Ashe nan kake? Tun ran nan muke cigiyarka, ka bar mana buhu biyu a rana."

Sai wani daga kan katanga ya ce, "Furofesan dusa!"

"Sunan wasa na," in ji Habibullahi da sauri. "Haka muka yi wurin aiki." Ya sunkuya ya zura hannu cikin keji ya cafko baƙin gafiyan ta wutsiya.

"Malam, tsaya, kada ka sa dabban nan a ruwa," in ji Dakta Lailatu. "Ba haka ake yi ba, kuma wannan ma ba..."

Ya riga ya saki. Gafiya ya taɓa ruwa da ƙafa ɗaya kamar mai gwada zafinsa, ya daka tsalle ya dafe bakin duro, ya haye hannun Habibullahi, ya shige hannun riga. Ƙanshin nama ya yi masa maraba. Aka ga wani ƙullutu yana gudu daga kafaɗa zuwa baya, daga baya zuwa ciki, daga ciki ya gangara inda igiyar guga ta yi sako-sako.

Abin da Habibullahi ya yi a kan turmin nan, makaɗa ma ba su da kiɗansa. Ya yi ihu, ya kira Gwaggo, ya kira Safara'u, ya kira mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin. Ƙafarsa ta shuri keji ya kife, ƙofa ta buɗe, sauran gafiyoyi suka fantsama cikin taro, Alhaji na gaba da jariri a baki. Mata suka watse, mai shayi ya hau bishiya, Malam Muhsin ya tattare babbar riga ya nuna wa matasa cewa tsufa ba ya hana gudu. Turmi ya mirgina, Furofesa ya tafi da baya ya faɗa duro a naɗe, mazaunai a ƙasa, ƙafafu da kai a sama, ruwa iya haɓa. Gafiya ya fito ta ƙafar wando, ya tsaya a kan tafin ƙafarsa ya karkaɗe jiki, ya dire. Ɗanasabe na jiran sa da buhu, ya ce miyar yau ta samu.

Habibullahi ya yi ta wutsil-wutsil, ruwa na fallatsa, duro ya riƙe shi gam. Ya yi ya yi, ya gaji, ya saki jiki ya yi lamo yana kallon sama.

Mai unguwa, da ya hau benci amma bai saki waya ba, ya danna. "Daƙiƙa arba'in da ɗaya," ya ce. "Furofesa, kai kac ce kahin minti biyu. Ko na yi kuskure?"

"A ba shi magani!" taro ya ɗauka.

Gwaggo ba ta jira an sake faɗa ba. Ta ɗauki kwalba, ta toshe masa hanci yadda take yi masa yana yaro, ta ɗura masa Habibulin maƙurwa uku. Idanunsa suka fito. Ya yi wata ƙara, hawaye da majina suka ɓalle, ƙafafu suka shiga harbin iska har duro na rawa.

"Magani ya ci!" in ji Tamu mahauci. "Wallahi ya ci! A cire man rigata kahin ta mutu!"

Mutane na faɗuwa ƙasa don dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Idris ya tashi daga kujera a hankali, ya ratsa su, ya kama ƙanensa ta hammata ya ja, ya sake ja, har ya fito kamar an zare toshiyar kwalba. Ya tsayar da shi, ya cire masa karyayyen tabarau ya sa masa a aljihu.

"Habibu, ya isa," in ji Idris. Muryar ta dushe don rashin amfani. "Na san don ni kaka yi. Amma mako biyu kana tambayar gahiya abin da ka damun ta, ni ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba. Ban iya barci. Ban jin daɗin komi. Na gaji. Ku kai ni asibiti."

Gwaggo ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Dakta Lailatu ta matso ta ce, "Malam Idris, abin da ka faɗa yanzu shi ne abin da ɓera ba zai taɓa iya faɗa mana ba, shi ya sa namu aikin yake ɗaukar shekaru. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana samun sauƙi. Ni ba likitar mutane ba ce, amma na san wadda ke aiki yau. Ku shiga mota."

Suka shiga, Gwaggo a gaba, Idris a baya. Mota na shirin tashi Habibullahi ya buɗe ƙofa ya faɗa kusa da yayansa, yana ɗiga. Ya kama hannun Idris ya riƙe. Sai da suka yi nisa ya share hanci ya ce, "Dakta, kin dai gani da idonki. Wata uku bai yi magana ba. Wanga salo, na mai bincike shi shiga ruwa da kai nai, ban jin an taɓa yin shi ko Turai. In za ki rubuta, sunana da baƙin L biyu na ga tsakiya."

"Buɗe taga," in ji Gwaggo. "Warin albasa ka kashe mu."

Suka isa asibiti rana na shirin faɗuwa. Dakta ta shiga neman likita, ta bar su a benci. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da takarda a hannu. Ta dubi Idris, yana zaune tsaf da hularsa. Ta dubi na kusa da shi, ramamme, jajayen idanu na zubar da hawaye, rigar mahauta a jiƙe, wando ɗaure da igiyar guga, takalmi ƙafa ɗaya. Ta dafa kafaɗarsa a hankali.

"Sannu, bawan Allah. Yaya sunanka?"

"Furofesa."

"To, Furofesa, sannu. Tun yaushe abin ya fara?"

"Ba ni na ba! Ni mai bincike na! Gahiya ta tas shiga man wando!"

"Na ji, na ji. Taso mu je ciki ka ba likita labari." Ta yafito wani ƙaton ma'aikaci ya kama ɗaya hannun.

"Gwaggo, hwaɗa masu! Yaya, yi magana mana!"

Gwaggo ta juya tana karanta wata takarda da ke manne a bango, ita da ba ta iya boko ba. Idris ya dubi ƙanensa ana jan sa yana tirjiya, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ku hwara da shi, Malama," ya ce. "Ni ina iya jira."